Idan an riga an wanke jinin, akwai sauran abin da masu bincike za su gano?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka. A nan Katsina idan aka yi kisa a cikin gida, kafin 'yan sanda su iso maƙwabta sun cika ɗakin, an zuba ƙasa a kan jinin, an share, an wanke da Omo da Hypo. Bayan wannan akwai sauran hujja, ko shi ke nan?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Akwai saura, ƙanena. Jini ba ya fita duka. Yana maƙalewa a tsakanin tayil, da tsagar siminti, da ƙasan ƙafar gado, da ƙarƙashin ledar ɗaki. Daɓen ƙasa kuwa shanye shi yake yi, sai a haƙo wurin a tafi da shi.

Akwai sinadarin luminol. A rufe ƙofa da taga ɗakin ya yi duhu ƙirin, sannan a fesa. Duk inda jini ya taɓa sai ya ba da haske shuɗi na kamar daƙiƙa 30, saboda ƙarfen da ke cikin jinin. Shi ya sa ake kafa kyamara tun kafin fesawa. Har sawun tsumman da aka yi gugar da shi yana fitowa. Matsalar ita ce Hypo ma yana ba da haske, haka jan ƙarfe. Don haka luminol nuni kawai yake yi, sai an ɗebo samfur da tsinken auduga an kai ɗakin gwaji. Kuma Hypo yana lalata DNA, wato ƙwayar halittar da ke bambanta mutum da waninsa, sai a nemi lungun da bai kai ba.

Maman Ilham, Daura:
Baban Khalifa ya yi bayanin ɗaki, ni gawar ce ta fi damuna. Muna gaggauta sutura, kuma daidai ne, amma wanka yana tafiya da hujja mai yawa. Wanda ya yi kokawa da maharinsa sau da yawa fatar maharin tana ƙarƙashin farcensa. A sa hannayen cikin jakar takarda a ɗaure, likita ya yanke farcen, ya ɗauki hoton kowane rauni da ma'auni a gefensa. Wannan ba ya hana a yi jana'iza da wuri.

Sai rigar da jini ya jiƙa. Don Allah kada a ƙulle ta a baƙar leda! Da zafin nan namu, cikin 'yan kwanaki ta yi fumfuna, DNA ya ruɓe. A shanya ta a inuwa ta bushe, a sa a ambulan na takarda, kowane tufa da nasa.

Malam Na-Rafindaɗi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da kwanson harsashi, wanda yara ke tsincewa. Allurar bindiga, wato tsinken ƙarfen da ke bugun harsashi ya tashi, tana barin tabo a gindin kwanson, kuma kowace bindiga da irin nata tabon, da shi ake haɗa bindiga ɗaya da hare-hare daban-daban. A ɗauki hotonsa inda ya faɗi, a ɗaga da safar hannu. Zanen yatsa a kan kwalba ko leda hayaƙin sufa gulu ne ke fito da shi fari, a takarda kuwa sinadarin ninhydrin ake sawa, zanen ya fito ruwan shunayya.

Inda shari'a ta fi lalacewa shi ne rubutu. Kowane ƙunshi a liƙe shi, a rubuta abin da ke ciki, da inda aka samu, da rana da lokaci, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Samfur yakan yi doguwar tafiya, misali zuwa Legas, inda aka buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. In sa hannun mutum ɗaya ya ɓace a takardar, lauyan wanda ake tuhuma zai ce an sauya kayan a hanya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri. To mu maƙwabta fa, me za mu yi kafin 'yan sanda su iso?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura:
In da sauran numfashi, asibiti tukuna. In rai ya yi halinsa, mutum ɗaya ya ja ƙofar ya tsaya a bakinta, ya rubuta sunan duk wanda ya riga ya shiga da abin da ya taɓa. Tsintsiya da bokiti su jira.