Farkon damina da darasin kimiyya: me zan nuna wa yara a waje?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a aji huɗu na firamare, yara sun haura 60, kayan aiki kuwa daga allo sai alli. Ga shamuwa ta dawo, ruwa ya fara sauka, ina ganin asara ce mu wuce wannan lokaci muna kwafar sassan tsiro daga littafi. Me zan yi da su wanda ba ya cin kuɗi, kuma ya kammalu kafin hutun zango na uku?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da ma'aunin ruwan sama. Ki samo gorar ruwa ta roba mai miƙaƙƙen jiki, ki yanke ta daga kafaɗa, ki kifa saman a ciki ya zama mazurari. Gindin gora ba a daidaice yake ba, don haka ki zuba tsakuwa, ki ƙara ruwa har ya rufe ta, nan ne sifiri. Daga nan ki ɗaura rula. A binne gindin a fili, nesa da indararo da bishiya, aƙalla ninki biyu na tsayinsu, in ba haka ba ruwan kwano za ki auna. Kullum da safe bayan taron asambali yaro ɗaya ya karanta, ya rubuta milimita nawa, a zubar a mayar da ruwan kan sifiri. In aka bar shi rana za ta shanye wani, sauro kuma ya yi ƙwai a sauran. Masana aikin gona kan ɗauki kimanin milimita 20 a matsayin ruwan shuka, sai yara su kwatanta da ranar da iyayensu suka fita da sungumi.

Malamin Gona:
Ranki ya daɗe, ki haɗa da gwajin iri. Raba su rukuni shida, kowane rukuni ya ƙirga ƙwaya 20: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, kuɓewa. A jera a kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Gero da wake ne ke fara tsagewa, cikin kwana biyu zuwa uku. Gyaɗa da kuɓewa sun fi nawa. A kwana na bakwai a ƙirga: in 17 suka tsira cikin 20, kashi 85 ke nan cikin ɗari, kin ga lissafi ya shigo.

Abin da ke ɓata shi ruwa ne in ya yi yawa. Iri yana numfashi, in ya nutse sai ya ruɓe ya yi wari. Waken da ƙwari suka huda ma ba ya tsira sosai, amma kar ki zubar, ki ware shi rukuninsa daban su ga bambancin da idonsu. Irin da aka gauraya da magani, mai launin ja ko shuɗi, kada yaro ya taɓa shi ko kaɗan. Waɗanda suka tsira a dasa a gwangwani mai huji a gindi, a ɗora inda akuya ba ta kaiwa.

Malama Daga Maraɗi:
'Yar'uwa, in akwai gawo da kuka kusa da makaranta, kin samu darasi kyauta. Kuka tana fitar da sabon ganye dab da saukar ruwa, gawo kuwa a lokacin yake kaɗe nasa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa: ba inuwa, ga takin ganye da na dabbobin da suka yi rani a gindinsa. Su zana bishiyun biyu duk ranar Litinin har mako huɗu. Amma in hadari ya haɗu ana tsawa, a koma aji, kar a fake a gindin bishiya.

Malamar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, Asabar da Lahadi fa, wa zai karanta ma'aunin?

Tsohon Hedimasta:
Ki ba yaron da gidansu ya fi kusa, ko maigadi. In bai yiwu ba, a rubuta jimillar kwana uku ranar Litinin, a sa alama cewa haɗe take.