Zaɓen 1378: Urban na shida Fafaroma ne na gaskiya ko tilas ce ta ɗora shi?

Lauya: Jama'a barkanku da yamma. Ni fa ina nan kan bakana, zaɓen Fafaroma Urban na shida bai inganta ba. Kadinal, wato manyan limaman coci masu zaɓen Fafaroma, su 16 ne suka shiga zaɓen a watan Afrilun 1378, 11 cikinsu Faransawa, mutanen Rum sun cika waje maƙil suna ihu sai dai a ba su ɗan Rum ko a ƙalla ɗan Italiya, don kusan shekara 70 kujerar Fafaroma tana Avignon can wajen Faransa, Girigori na 11 ya dawo da ita a 1377 bai daɗe ba ya rasu, suna tsoron a sake kwashe ta. Wanda ake dukan ƙofarsa yana kaɗa ƙuri'a ta yaya za a ce da son ransa ya yi?

Baba Katikis: Lauya ɗana, rabin labarin ka kawo. Sun zaɓi Bartolomeo Prignano babban bishop na Bari ranar 8 ga Afrilu ya zama Urban na shida, ranar Ista 18 ga wata su ɗin nan suka naɗa shi, suka yi masa mubaya'a, suka riƙa zuwa neman alfarma wurinsa, har wasiƙa suka rubuta wa 'yan uwansu shida da suka rage a Avignon cewa sun yi sabon Fafaroma. Sai a watan Agusta da suka bar Rum suka koma garin Anagni suka ce wai tsoro ne. Wata huɗu fa.

Lauya: Baba ku yi haƙuri, ai a cikin Rum suka yi duk wannan. Wa zai tsaya tsakiyar garin ya ce bai yarda ba?

Malamin Tarihi: Bari in ƙara wa Lauya ƙarfi kaɗan duk da ba na bayansa gaba ɗaya. Ranar zaɓen da jama'a suka kutsa ciki, kadinal ɗin sun kasa faɗa musu wanda suka zaɓa, sai suka kama wani tsoho cikinsu ɗan Rum, Tebaldeschi, mutumin da ciwon gaɓoɓi ya gama cinyewa, suka yafa masa alkyabbar Fafaroma suka zaunar da shi, jama'a suna ta rububin gaishe shi shi kuma yana ta cewa ba ni ba ne, su kuwa suka sulale, wasu suka shige ganuwar Sant'Angelo. Tsoro kam akwai shi, wannan ba a musu.

Lauya: Yawwa Malam, na gode.

Malamin Tarihi: Dakata ban gama ba. Prignano ba ɗan Rum ba ne, mutumin Napoli ne, kuma ya daɗe yana aiki a ofishin Fafaroma a Avignon, sun san shi ciki da waje. Da faranta wa masu ihu kawai suke so ai ga Tebaldeschi nan a zaune. Ni a ganina sun ɗauko wanda suke zaton za su iya juyawa ne, da ya hau sai ya zame musu ƙarfen ƙafa, yana zaginsu a gaban mutane kan dukiya da shagalin da suke yi, yana cewa zai naɗa kadinal 'yan Italiya har su rinjaye su.

Ustaz: Ni baƙo ne a wannan fage amma ina bin ku da kyau. Mu a wurinmu Imamu Malik ya ce rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi, har bulala ya sha a Madina kan wannan magana don ta taɓa mubaya'ar sarki. Abin da nake son sani, a dokar coci idan tsoro ya kau mutum ya ci gaba da biyayya, hakan bai zama yarda ba?

Baba Katikis: Malam kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Hujjar masu bin Urban ke nan tun lokacin.

Mama Zumunta: Ku dai kuna ta doka doka, ni abin da ke ci mini rai wanda suka ɗauko a madadinsa ne. Ranar 20 ga Satumba a Fondi suka zaɓi Robert na Geneva ya zama Kilemen na bakwai wanda ya koma Avignon da zama, mutumin da a 1377 sojojin hayar da ke ƙarƙashinsa suka yi wa mutanen Cesena kisan gilla, dubbai. Haba jama'a. In gyara suke nema shi ne gyaran?

Lauya: Mama gaskiya ne, ban wanke shi ba. Amma Urban ma fa daga baya ya sa an azabtar da kadinal ɗinsa, biyar cikinsu ba su fita da rai ba. Halin mutum daban ingancin zaɓe daban.

Mama Zumunta: To talaka fa? Faransa da Sikotilan suna bin Avignon, Ingila da yawancin Jamus suna bin Rum, kowane Fafaroma ya tsine wa ɗayan da mabiyansa, tsohuwa a ƙauye ta kai jikanta baftisma ba ta san ko wanda ya naɗa fadan nata na gaskiya ba ne, shekara 39 ana haka. Katarina ta Siena tana bayan Urban, Vincent Ferrer yana bayan Avignon, kuma dukansu yau tsarkaka ne a coci.

Ɗan Seminari: Iyayena ku ba ni dama in sa baki. Taron Pisa na 1409 ya tsige magadansu biyu, na Rum da na Avignon, ya zaɓi Alekzanda na biyar, suka ƙi sauka, aka koma Fafaroma uku. A taron Konstans ne aka warware, aka tsige Yohanna na 23 na layin Pisa a 1415, Girigori na 12 na layin Rum aka bar shi ya kira taron da sunansa sannan ya yi murabus, Benedik na 13 na layin Avignon aka tsige shi a 1417, aka zaɓi Martin na biyar ranar 11 ga Nuwamba. Darajar da aka ba Girigori ita ke nuna inda coci ta karkata. Kuma a 1958 wani Fafaroma ya sake ɗaukar sunan Yohanna na 23, alamar ba a lissafa na Pisa ba.

Lauya: Ƙanena karkata ba hukunci ba ce. Kuma Benedik ɗin nan shi ne Pedro de Luna, yana cikin mutum 16 na ranar, da idonsa ya ga abin da ya faru, har ya mutu a Peñíscola a 1423 bai janye ba.

Baba Katikis: Shi ɗin ma ai yana cikin waɗanda suka durƙusa wa Urban ranar Ista, ɗana. Wannan za ka fara amsa mini tukuna.