Hotuna na ƙiftawa, amma amsar fuska ta ƙi fitowa a EEG

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu kan yadda ƙwaƙwalwa ke gane fuska. Ina jera wa mutum hotuna bakwai a sakan ɗaya, huɗu na tarkace, na biyar fuskar mutum, yana sanye da hular EEG (na'urar da ke auna motsin lantarki na ƙwaƙwalwa), tsawon sakan 20. A zanen sakamakon, tsinin 7 Hz (wato sau bakwai a sakan) yana fitowa ɓaro-ɓaro, amma a 1.4 Hz, inda ya kamata amsar fuska ta bayyana, shiru kake ji. Allon kwamfutata mai 60 Hz ne. Na'urar ce ko tsarin nawa? A taimaka, lokaci ya ƙure mini.

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ɗora wa na'ura laifi tukuna. Allonki yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kuma 7 ba ta raba 60 daidai. Wani hoton zai daɗe, wani ya gajarta, bugun ya gurgunce. Ki koma 6 Hz: kowane hoto ya samu sabuntawa goma cif, fuska ta faɗo a 1.2 Hz. Kusan haka masanin ƙwaƙwalwa Bruno Rossion da abokan aikinsa suka tsara a 2015. Sannan sakan 20 ya yi kaɗan. Ki kai shi 60, domin gwargwadon tsawon zangon, gwargwadon siririn gurbin da amsar za ta tattaru a ciki, ta fita daga hayaniya.

Wata mai digirin digirgir: Malam ya yi gaskiya, sai dai ina zargin amsar tana nan, wurin dubawa ne bai cika ba. Ƙanwata, kin leƙa ninkinta kuwa? A tsarin 6 Hz da malam ya faɗa, ba a 1.2 kaɗai take zama ba, tana bazuwa zuwa 2.4 da 3.6 da 4.8, har gaba. Sau da yawa ta farkon ce ma ta fi dusashewa, saboda can ƙasa hayaniyar EEG ta fi yawa. Ki tattara su duka, amma ki tsallake 6 da 12, waɗannan na ƙiftawar hotunan ne gaba ɗaya. Kuma ki dubi wayoyin hular da ke bayan kunnen dama, wajen ƙeya. Nan fuska ta fi tayar da ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna shi ne hotunan. In duk fuskokin a tsakiya suke, girma ɗaya, haske ɗaya, to tsinin da za ki samu na kewayen siffa ne da launin fata, ba na gane mutum ba. Ki gauraya su: tsoho da yaro, mai kallon gefe, mai dariya, na cikin inuwa. Tarkacen ma a sa masu zagaye, kamar agogon bango da ƙwallo.

Wani ma'aikacin asibiti: Ni nawa guda ne. Ki tambayi kowa ko yana da farfaɗiya kafin ya zauna. Haske mai ƙiftawa na iya tayar wa wasu da ita.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yaya, gaskiya 1.4 kaɗai na duba. To in mutum ya shagala, aikin bai lalace ba?

Mai digirin digirgir: Ba a buƙatar ya ce uffan kan fuskokin, shi ya sa masu bincike de Heering da Rossion suka iya gwada jarirai 'yan wata 4 zuwa 6. Ki sa ɗan gicciye a tsakiyar allo, ya riƙa danna maɓalli duk sanda launinsa ya sauya. Kafin ki sake tara mutane, ki buɗe bayanan da kike da su ki duba ninkin 1.4, wato 2.8 da 4.2 da 5.6, ki faɗa mana abin da kika gani.