Ingarmana na tsoron ƙarar bindiga, in ba shi D5?

Mai Kili Gwale:
Salamu alaikum jama'a, masu sani ku taimaka don Allah. Ingarmana lafiyarsa lau amma da 'yan bindiga sun fara saki a hawan Daushe shikenan ya rikice, gumi, tsuma, yana neman tuma da ni cikin mutane. Wani a layinmu ya ce in daka masa D5 a dusa kafin hawa. Wai maganin nan tsoron yake cirewa ne ko jiki kawai yake kashewa?

Ɗalibin Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kar ka soma. D5 diyazefam ne, Valium kenan da ya fito tun 1963, kuma eh da gaske yana taɓa tsoro. Akwai sinadari a ƙwaƙwalwa sunansa GABA, shi ne burkin jijiyoyi, maganin ƙara masa ƙarfi yake har a amigdala, wajen da ke tayar da firgici. A ɓeraye ake gwadawa, a ɗora ɓera kan wani katako mai hannu huɗu a sama, biyu da bango biyu a buɗe, shi da kansa lungu yake maƙalewa amma in an ba shi maganin sai ka gan shi yana yawo a buɗaɗɗen. To matsalar a babban doki yana sakar da tsoka, ƙafafu su riƙa harɗewa, doki kuma in ya ji ƙafarsa ba ta ɗaukarsa ƙara firgita yake, ga ka a kai ga yara cike a Ƙofar Kudu.

Ummu Hanan:
Kuma ba tsoro kaɗai yake canjawa ba fa. A Suwidin a 2013 masu bincike na jami'ar Umeya sun sa ɗan kaɗan na oksazefam, ɗan'uwan D5 ne, a ruwan kifi, kifayen suka daina bin 'yan'uwansu suka ƙara rashin tsoro da saurin cin abinci. A karnuka ma, wani karen tsoro ne ke hana shi cizo, ka cire tsoron ka ga ta kanka. Masu kyanwa kuma ku kiyaye, ƙwayar D5 tana iya lalata mata hanta.

Tsohon Barga:
Ɗana ni ban san su GABA ba amma na san doki. Sabo ake yi masa tun azumi, ƙara daga nesa yana cin harawarsa, kullum a matso kaɗan, sannan a haɗa shi da tsohon doki da ya saba hawa. Wanda ya jira sai jajibiri ya makara.

Ɗalibin Likitan Dabbobi:
Gaskiyar Baba ce. Kuma in wani ya kawo maka asefuromazin a madadin, shi kasala yake sawa ba lallai tsoron ya tafi ba, a ingarma ma yana iya sa gabansa ya zazzago ya ƙi komawa. Ka bari likita ya gan shi tukun.

Mai Kili Gwale:
Na gode ƙwarai. Baba da wace ƙara za mu fara, nokawut ya isa?