"Balbela ci da motsin wani": zagi ne ko kirari?

Sani Mai Caja: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya muka yi cacar baki da matar yayana. Teburina na caja da murfin waya a bakin shagon Yaya yake, duk wanda ya sayi waya a ciki in ya fito sai ya tsaya wurina. Ana cikin faɗan sai ta ce mini "balbela, ci da motsin wani". Na kwana ina juya maganar. Ni tun ina yaro kirari na ɗauke ta. Zagina ta yi ko me?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. A bakin maroƙi kirari ne. A bakin matar wa kuwa, sai dai mu ba ka haƙuri.

Malam Na Tudu: Zagi ne mana. Cewa ta yi ba ka da ƙafar tayar da fara sai saniya ta taka ciyawa. Cima-zaune ke nan.

Bazazzagiya: Haba Malam, ka taɓa ganin balbela a zaune? Wuni take cikin rana tana bin garke. Kuma me ta rage wa saniya? Saniya ba ta cin fara.

Goggon Yara: Kun tuna mini da Iya, kakata, Allah ya jiƙanta. A wani zango kusa da Kumasi aka haife ta, mahaifinta farken goro ne. Ta ce in hunturu ya shigo ruwa ya ɗauke, sai kurmi ya yi tsit. Su shiga itace ita da 'yan'uwanta, su yi tafiya mai nisa ba su ji ko ƙwaƙƙwaran motsi ba, har yaro ya fara tsorata. Can sai ka ji hayaniya ta taso daga gefe ɗaya, ganye na karkaɗawa. Tsuntsaye ne, ba iri ɗaya ba: wasu can ƙololuwa, wasu a tsakiya suna leƙa bayan ganye ɗaya bayan ɗaya, mai ƙwanƙwasar ice yana bin gindi yana sassaƙar ɓawo, wasu ƙanana kamar babban yatsa suna kutsawa cikin sarƙaƙiya. Kafin ka gama ɗaure itacenka sun wuce, daji ya koma shiru kamar ba a yi ba.

Iya ayari take kiransu, don abin da ta sani ke nan a gidansu. Har muƙamai ta raba musu. Masu surutun gaba su ne jagaba. Akwai wani baƙi wuluk mai wutsiya kamar almakashi, shi ba ya leƙa ganye ko ɗaya, reshe yake samu a fili ya zauna, duk ƙwaron da sauran suka tayar ya cafke shi a iska. Na ce Iya ai wannan ɓarawo ne. Ta ce ke, rufa mini baki, madugu ba ya ɗaukar kaya, amma shi ne idonsa ke sama. Da shaho ya gifta shi zai fara ƙwalla ƙara, kowa ya faɗa cikin duhuwa. Wanda ya dukufa yana neman abinci ba ya ganin abin da ke zuwa ta bisa kansa.

To amma ga inda take kai labarin. Da ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi, tsutsa ta cika sabon ganye, sai ayarin ya ragu, kowa ya ja matarsa ya tafi ginin sheƙa. Sai ta kalli ƙofar zaure ta ce, "Ku dai jira kaka ku gani." Da 'ya'yan kishiyarta take, waɗanda ba ma ganinsu sai bazara in rumbu ya yi ƙasa.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan Iya. Ashe tun daga Gwanja aka taho da habaici a cikin huhun goro.

Bazazzagiya: Goggo, to Iya tana bayan Sani ne ko tana bayan matar yayansa? Ni na kasa ganewa.

Goggon Yara: Ni ma har ta rasu ban gane ba, 'yar nan. Ranar da take cikin fara'a baƙin tsuntsun madugu ne, ranar da aka ɓata mata rai maƙwaɗaici ne.

Ɗan Laminga: Goggo, abin da Iya ta gani da ido shi masana ke bi da na'urar hangen nesa. Mu nan kusa da dajin Amurum muke, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos take, kullum muna ganin ɗalibai da raga da littafi tun asuba. A dazuzzuka da yawa ayarin ya fi girma in ƙwari sun yi ƙaranci kuma ba a kiwon 'ya'ya. Amma ba ko'ina ba. A dajin Amazon akwai ayarin da ba ya watsewa duk shekara, har yanki ɗaya suke karewa tare. A dajin Sinharaja na Siri Lanka ayari ɗaya kan kai tsuntsu 40, iri goma ko fiye. Wato ba yunwa kaɗai ba ce, har da tsoron shaho. Kuma a bambanta da taron ɓaure: in ɓaure ya nuna lokacin da sauran itatuwa ba su da komai, cilakowa da kurciya da kowa za su hallara, amma wannan cin kasuwa ne, ba tafiya tare ba.

Malam Na Tudu: Duk da haka dai ci da motsin wani ne. A kurmi ai har kwarkwasa tsuntsaye ke bi, ta kori ƙwari su cinye. Ita kwarkwasar me ta samu?

Ɗan Laminga: Malam, bari in ƙara maka makami ma. A 1986 wani masani, Charles Munn, ya ba da rahoto daga dajin Manu na ƙasar Peru cewa tsuntsayen da ke gadin ayari a can wani lokaci ƙarya suke yi. In wani ya taso ƙwaro mai maiƙo, sai mai gadi ya yi kukan shaho alhali ba shaho, wancan ya razana, shi ya ɗauke.

Kawu Direba: Allahu Akbar! Ashe har a daji akwai su. A yi ta ihun "ga maƙiya nan, ga maƙiya nan", kafin ka ɗago kai an kwashe takin da aka kawo wa mazaɓa.

Baban Ummi: Kuma ayarin iri-iri ai mun san shi. Duk bayan shekara huɗu hasbiya da mikiya su shiga inuwa ɗaya su ce maja suka yi. Da an rantsar, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Bazazzagiya: Gara ma tsuntsun, shi wani lokacin da gaske akwai shahon.

Malam Na Tudu: Ku bar siyasa don Allah, kada a sake rufe mana zaure kamar wancan watan. Ni a wurinmu ma belbela muke cewa, kuma liman ya taɓa kawo ta a wa'azi kan masu cin dukiyar marayu.

Goggon Yara: A'a Malam, wannan ai hankaka ne, mai da ɗan wani naka. An haɗa maka tsuntsaye biyu.

Malam Na Tudu: Na san abin da na ji, Hajiya.

Sani Mai Caja: Na gode duka. Ni dai abin da na sani, sau biyu ina kama masu sa hannu a shagon Yaya yana ciki yana ciniki. Yanzu ma ya aiko in je in tsare masa shago zai kai matar tasa asibiti awo.

Kawu Direba: To madugu, in ka je ka duba mini ko akwai cajar mota mai baki biyu. Ta wancan karon ba ta kai Zariya ba.