Musayar Waƙa: Tukunyar Makaranta

Malamin Aji Biyu:
Da sunan Allah zan buɗe batuna,
Kan tukunyar yara mai cin raina.
A 2016 Tarayya ta ɗora ta wuta,
Naira 70 kan kowane ɗan makaranta.
Aji ɗaya zuwa uku su kaɗai ke samu,
'Yan aji huɗu na leƙe, su ma 'ya'yanmu.

Hajiya Mai Tukunya:
Malam, ka ƙirga yara, ba ka ƙirga itace ba,
Yaro 100 naira 7,000 ne, ba ƙari ba.
Ciki za a sai shinkafa, wake, manja, gishiri,
Ba a ware kuɗin ruwa da na ɗan dako ba.
Kiret uku da ƙwai goma ke raba yaro ɗari,
In biyar sun fashe a hanya, ba a sako madadi ba.
An mai da kuɗin kowane yaro naira 100 daga baya, na yarda,
Sai dai kwanon shinkafa bai tsaya jiran kowa ba.

Bakano:
Hajiya, Allah ya ƙara basira! Wannan ita ce waƙa.
Ku tambayi Kano in kuna son tarihi,
Kwankwaso ya ciyar tun zangon farko, sahihi.

Ɗan Zazzau:
Bakano, sauke jar hula, tuwo ake magana,
Kaduna ta ciyar a naira 50, ga shaida a fili da rana.
Osun ma tun 2012 take dafawa,
Ba ta zo dandali tana yi mana gori da hargowa.

Mai Aruli:
Ɗan Zazzau, ɗangonka na biyu ya yi tsawo, kari ya karye. Kai kuma Malam, a ƙwar biyu, wato waƙa mai ɗango biyu a baiti, ana riƙe amsa-amon waje (sautin ƙarshen baiti) guda har ƙarshe, kai kowane baiti da nasa. Dubi Hajiya, “ba” ta kama ba ta saki ba.

Ɗan Zazzau:
Kai mai awon gaɓa, auna mana ludayi,
Yaro da yunwa bai san karin Kamil ba, sai a yi a hankali.

Mai Aruli:
“Ludayi” da “hankali”? Haba ɗan'uwa.

Bakano:
Gaskiyarka, Mai Aruli. Waƙar Zazzau ɗingishi take.

Malamin Aji Biyu:
Afuwa, sai yanzu na samu caji. Ku dawo kan tukunya.
Rajista ta ce 100, ran rabo 140,
Ƙanne sun biyo yayye da kwano, ya za a yi da su, jama'a?
Sai a rage ludayi, kowa ya samu rabi,
Wasu na sharce kwano su tsallake katanga.
A raba da ƙarfe tara, a sake kiran suna bayanta,
Hedimasta ya sa hannu kan adadin da ya ci, ba na takarda ba.

Hajiya Mai Tukunya:
Malam, waƙarka ta gurgunce, amma ba ka yi ƙarya ba.
Kuɗi ta banki suke zuwa, ba sa zuwa kan lokaci,
Mai dafuwa ta ci bashi, mai shago bai yafe ba.
Wake da asuba cikin kula, a rufe har azahar,
Gumi ya sauka ya yi tsami, yaro bai tsira da ciki ba.
A sauke da hantsi, a kai da zafi, ga buta ga sabulu,
Kar hannu ya shiga kwano in ba a wanke ba.
Janairun 2024 aka dakatar da shirin duka,
Mai shago ya zo da littafi, bai san dakatarwa ba.