Abin da ya faru a Rasha a 1917, juyin juya hali ne ko juyin mulki?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jiya sai da muka raba dare ni da kawuna muna musu. Tsohon ɗan ƙwadago ne, ƙuruciyarsa a masaƙa ta ƙare a Kaduna, har yau akwai hoton Lenin a ƙasan akwatinsa tare da takardun sallama. Na ce masa abin da na karanta shi ne, ranar 25 ga Oktoban 1917 (a tsohuwar kalandar Rasha) 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar gurguzu ta Lenin, suka tare gadoji, suka kama tashoshin jirgin ƙasa da gidan waya da babban banki a Petrograd, babban birnin Rasha a lokacin, cikin dare suka shiga fada suka kwashe ministoci. Na ce Kawu, wannan ai irin wanda kuka saba ji da asuba a rediyo ne. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Don Allah wa ke da gaskiya?

Malam Na Zariya:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, daga wutsiya ka kamo labarin. Tun Fabrairu aka fara, da mata masu layin burodi da ma'aikatan masana'antar Putilov. Aka ce sojoji su yi harbi, suka koma bayan jama'a, Sarki Nikolas na biyu ya sauka. Gwamnatin riƙon ƙwarya, wadda Kerensky ya zo ya shugabanta, ta ci gaba da yaƙi da Jamus, manoma na jiran gona shiru. Lenin kuwa abu uku ya riƙe: zaman lafiya, gona, abinci. Da Janar Kornilov, shugaban sojojin Rasha, ya nufo Petrograd da runduna a watan Agusta, ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka tsayar masa da jirage a hanya. Zuwa Satumba majalisun ma'aikata da sojoji na Petrograd da Mosko sun koma hannun Bolshebik. Daren da kake magana, rufin da gara ta gama cinyewa aka taɓa. Je ka ba kawunka haƙuri.

Maman Ilham:
Malam, a gafarce ni, an bar rabin zance. A Nuwamba an yi zaɓen majalisar tsara mulki, Bolshebik kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka samu, jam'iyyar gurguzu ta manoma ta fi su ƙuri'a. Majalisar zama ɗaya ta yi a Janairun 1918 aka rufe ta da bindiga. A 1921 sojojin ruwan Kronstadt, wani sansani kusa da Petrograd, waɗanda da su aka kafa mulkin Bolshebik, suka nemi a sake zaɓen majalisun ma'aikata cikin 'yanci, aka murƙushe su. Wannan wane suna za a ba shi?

Ɗan Fagge:
Na karanta wa Kawu duka. Na Malam sau biyu ya sa na maimaita. Da na zo kan Kronstadt ya yi shiru, can ya ce shayinsa ya huce, in sake ɗora buta.